Kuɗin da ke shiga Zariya, a ina yake kwana?

Duk wanda ya zauna a Samaru a 2022 ya ga yadda gari yake suma ba tare da gobara ko annoba ba. Ranar 14 ga Fabrairu malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki, ba su janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas cur. Ɗalibai suka kwashe komatsansu suka koma gida, albashin malamai ya tsaya. Kafin a yi nisa mai fotokofi a bakin ƙofar jami'a ya lulluɓe injinsa da tsohon zane, mai abincin da ke ɗora tukunya uku ta koma ɗaya, masu ɗakunan haya a Hayin Dogo da Danraka suna yawo da makullai a aljihu. Na tambayi wani mai Keke Napep da na saba shiga yaya ake ciki, ya ce, “Malam, daga Samaru zuwa Kwangila iska nake ɗauka.” Damina ta yi kyau a shekarar ko ba ta yi ba, bai shafe shi ba. Famfo ɗaya aka rufe, rabin gari ya shiga ƙishi.

Zariya garin albashi ne. Ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga asibitin koyarwarta a Shika, ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tun 1964, ga barikin horar da kuratan soja, ga manyan makarantu da cibiyoyin bincike a Samaru da Basawa da Shika. Da wuya ka sami garin da ba hedikwatar jiha ba a Arewa da gwamnati ke zuba wa kuɗi duk ƙarshen wata kamar wannan. Sai dai ka bi sawun kuɗin ka gani. Alat ya shigo ranar Juma'a, kafin wata Juma'ar mafi yawansa ya hau mota. Taliya da man girki da sabulu daga kasuwar Singa ta Kano, atamfa da shadda daga Kantin Kwari, kayan gyaran mota da na wuta daga Kudu, wayar hannu daga Sin. Ɗan tiredan Tudun Wada ya ɗauki 'yar ribarsa, sauran ya miƙa wa wanda ya ba shi kaya.

Masana tattalin arziki suna auna ƙarfin gari da yawan hannuwan da naira take bi kafin ta fita daga cikinsa. Malami ya sayi ƙwai na naira dubu goma a wajen mai kiwon kaji a Basawa. Mai kajin ya sayi abincinsu a wajen mai injin niƙa a Dakace, mai injin ya sayi masara a hannun manomin Soba, manomin ya biya telan da ya ɗinka wa yaransa kayan sallah. Dubu goman nan ɗaya ce, amma ta ciyar da gida huɗu. Idan kuwa malamin ya sayi abin da aka yo daga waje, gida ɗaya ta leƙa ta wuce. Saboda haka hanya biyu ce kawai gari yake yin arziki: ya sayar wa na waje abin da ya ƙara wa daraja, ko ya riƙa yi da kansa abin da yake saye daga waje. Duk jarin da bai taimaki ɗaya daga cikin biyun nan ba, ado ne, komai girman allon da aka kafa masa a bakin titi.

Garin ya taɓa sanin wannan. Layin dogon da ya taso daga Baro ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, aka ja ƙaramin layi zuwa ma'adinan kuzar Jos, daga baya aka ja wani zuwa Gusau da Ƙaura Namoda. Zariya ta zama mahaɗa, Sabon Gari ya tsiro a gindin tasha, kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna (har yau muna cewa PZ, sunan ɗaya daga cikinsu ne ya manne wa wurin). Aka kafa injin gurzar auduga, aka buɗe gonar gwaji a Samaru a 1922, daga baya kamfanin taba ya zo, Gaskiya ta kafa maɗaba'arta a 1945. Babu wanda ya shirya wa waɗannan mutane taron zuba jari. Auduga suka gani, da ƙasar da ke nomata, da jirgin da zai kwashe ta.

Yadda abin ya rushe ma darasi ne. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 naira ta faɗi, kayan gyaran injuna suka yi tsada, wuta ta lalace, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa. Masaƙun Kakuri a Kaduna suka bi juna suna rufewa, tsohuwar cikinsu a 2002, babbar kuma a 2007. Da masaƙa ta rufe, mai gurza ya rasa mai saye, manomi ya bar auduga ya koma masara. Igiya ɗaya ce ta ɗaure su duka, da ta tsinke a Kaduna sai kayan suka zube har Chikaji, unguwar masana'antu ta Zariya.

Gwamnatin jiha ba ta yi barci ba a shekarun baya-bayan nan. An kafa hukumar jawo masu zuba jari, KADIPA, a 2015, aka fara taron shekara-shekara na KADINVEST a 2016, aka mayar da harkar takardun fili ga KADGIS don a rage yawon fayil. An kuma ga sakamako: a 2017 Olam ta buɗe katafariyar masana'antar abincin kaji da ƙyanƙyasar 'yan tsaki. Amma a ina? A Chikun, kan hanyar Abuja. Tashar kayan teku ta kan tudu tana Kakuri. Yankin sarrafa amfanin gona da aka aza harsashinsa a 2025 shi ma yana wancan ɓangaren. Ban ga laifin kowa a nan ba, mai jari lissafi yake bi, kuma lissafin ya nuna masa kusa da Abuja da Kudu. Abin da ya rage wa ƙasar Zazzau ta arewa shi ne ta noma masara da waken soya a Giwa da Soba da Makarfi, tirela ta zo ta kwasa. Su kuma takardun fahimtar juna da ake sa wa hannu a gaban kyamara, a daina ƙirga su a matsayin masana'anta sai an ga hayaƙi.

To me mai jari yake tambaya idan ya zo? Tambayoyinsa ba su da yawa, kuma ba su bambanta da na mai injin markaɗe ba. Ta farko fili. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamna, amma a aikace yawancin gonakin gefen gari na gado ne, magada goma sha wani abu, biyu suna Legas, ɗaya ya rantse ba a sayar da gonar ubansa yana raye. Mutum ya biya, ya fara katanga, sai ga sammaci. Wanda ya taɓa jin irin wannan labari sau ɗaya ba ya dawowa, kuma yana gaya wa abokansa. Ga shi banki ba ya karɓar fili jingina sai da satifiket, don haka mai gona hekta biyar a bayan gari yana zaune kan dukiya amma ba ya iya rancen kuɗin injin ban-ruwa da ita. A nan masarauta take da aikin da babu ma'aikatar da za ta iya yi mata. Mai unguwa da dagaci su suka san iyakar kowace gona da tarihin rigimarta. Da za a keɓe wasu filaye, a sasanta magada tun kafin baƙo ya zo, a yi musu takarda, a ajiye su a shirye, da an rage wa mai jari shekara guda ta zirga-zirga. Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli, wanda ya hau karaga a 2020, ya yi aikin banki ya kuma yi jakadanci a Tailan, wannan yaren ba baƙonsa ba ne.

Ta biyu wuta, kuma ita ce ke kashe ƙananan sana'o'i a shiru. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu layin da ake kira Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit, a Oktoban shekarar kuma Arewa ta kwashe fiye da mako guda cikin duhu bayan manyan layukan da ke kawo mata wuta sun sami matsala. Tun cire tallafin mai a Mayun 2023 janareta ya zama abin da ake tayarwa da lissafi. Mai walda yakan zauna tun safe yana jiran a kawo, idan an kawo da daddare ya tashi yaransa su kama aiki. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar shiga harkar da kansu, kuma hasken rana ya yi arha fiye da da. Sai dai babu kamfanin da zai kafa tashar sola don mai walda ɗaya. Zai kafa wa mutum ɗari da ke wuri ɗaya, masu walda da kafintoci da masu niƙa da masu ƙanƙara, kowa da mitarsa. Ke nan tara masu sana'a a zango guda ya zo kafin maganar wuta, kuma wannan aiki ne da ƙaramar hukuma za ta iya.

Ruwa an samu sauƙi tun da aka buɗe matatar da ke iya tace lita miliyan 150 a rana a 2017, ko da yake 'yan garuwa ba su rasa ciniki ba har yanzu. Tsaro kuwa kowa ya san abin da manoman Giwa suka sha. Gonar da ake tsoron zuwa ba ta cika rumbu, balle ta ciyar da inji.

Sai maganar haraji. Tun 2016 jihar ta yi dokar da ta tattara haraji a hannun hukuma ɗaya ta kuma hana karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu. Doka ce mai kyau. Amma rijiya ta bayar, guga ya hana, haka abin yake zama a ƙasa. Wani ƙanen mahaifina ya taɓa kafa ɗan injin matsar man gyaɗa a bayan gidansa. Wata rana na je gaishe shi ya jawo wata ledar baƙi cike da rasit ya zazzage a tabarma. “Ɗana, ƙirga mini,” ya ce. Na allo daban, na shara daban, na lodi daban, na wata ƙungiya da bai san ranar da ya shige ta ba daban. Ko wanne kuɗin bai taka kara ya karya ba. Abin da ya dame shi shi ne bai san wanda zai ƙwanƙwasa gobe ba, kuma wanda bai san abin da zai biya ba ba ya iya yanka farashi. Na ce, “Baba, ka kai ƙara mana.” Ya yi dariya ya ce wa zai bar wa injin. Babban kamfani yana da lauya da lambar kwamishina, ana ma yafe masa haraji na shekaru don ya zo. Wanda ya riga ya zo, yana nan da ma'aikata huɗu, shi ake tatsa. Ni a ganina wannan juyayyen lissafi ne, domin baƙo kafin ya sa kuɗinsa na gida yake tambaya yaya suke ji.

Inda na fi jin takaici, kuma inda na fi ganin dama, shi ne tsakanin katangar cibiyoyin bincike da bakin titi. An taɓa haɗa su, kuma abin ya yi aiki. Kakanninmu masara a bayan gida suke shuka ta, a gasa a ci da damina, dawa da gero su ne abinci. Daga tsakiyar shekarun 1970 ingantaccen iri da takin zamani da malaman gona, musamman ta hanyar shirin bunƙasa noma na Funtua da aka fara a 1975, suka mayar da masara amfanin sayarwa, har Kaduna ta shiga sahun gaba a nomanta a ƙasar nan. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, IAR, ta fitar da iri iri-iri masu ɗauke da sunan garin: SAMMAZ na masara, SAMSORG na dawa, SAMNUT na gyaɗa, SAMPEA na wake, SAMCOT na auduga. A kan wannan ne kamfanonin iri irin su Premier Seed suka zauna a Zariya. Ga masana a kusa, ga manoman da za su ninka irin, ga kasuwa har Nijar. Wannan shi ne jarin da ba ya tashi ya koma wani gari da an daina yi masa rangwame, domin abin da ya zaunar da shi ba a ɗaukarsa a mota.

Amma dubi sauran. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta samar da kazar ƙwai da ake kira Shika Brown, mai jure yanayinmu, duk da haka da yawa daga masu kiwon kajin Zariya 'yan tsakin Ibadan suke jira a tasha, bayan masarar da aka ciyar da iyayen tsakin daga nan ta tafi. Cibiyar koyar da fasahar fata tana Samaru, ga mayanka, ga dukawa, amma fatar da ba a cinye ganda ba Kano take tafiya ɗanya, takalmin makaranta kuma daga Aba yake zuwa. Dalilin a bayyane yake. Malamin jami'a da takardar da ya wallafa ake ƙara masa girma, babu wanda zai tambaye shi mutum nawa suka ci abinci da bincikensa. Injin sussuka da ɗalibai suka ƙera yana nan a ɗakin ajiya yana tsatsa, maƙerin da zai iya buga guda hamsin irinsa yana Sabon Gari bai taɓa shiga harabar ba. Ana buƙatar ɗan tsakani, ofis ƙarami mai mutum uku ma ya isa, wanda aikinsa kawai ya ɗauki zane ya kai wa maƙeri, ya tsara yadda za a raba riba, ya raka mai ƙaramar masana'anta wajen NAFDAC har ya sami lamba.

Tumatir misali ne na yadda ake ruɗuwa da babban abu. Duk kakar tumatir, wajen Fabrairu zuwa Maris, kwando yakan faɗi har manomi ya yanka ya shanya a ƙasa a gefen titin Hunƙuyi, da damina kuma ya gagari talaka. Kowa sai ya ce a kafa kamfanin tumatirin gwangwani. An kafa a Ikara tun farkon shekarun 1980, ya yi ta tashi yana kwanciya. Na Dangote a Kadawa ta Kano, da aka buɗe a 2016, shi ma haka ya yi ta fama. Injin yana son kaya kullum, gona kuwa wata uku take bayarwa. Idan farashi ya tashi a kasuwa manomi can zai kai, ba ruwansa da yarjejeniya, idan ya faɗi kowa ya kawo lokaci ɗaya. Ga markaɗaɗɗen tumatirin Sin da ke shigowa da arha, ga tsutsar da ta cinye gonaki a 2016 har aka sa mata suna Ebolar tumatir. Abin da ya fi dacewa da aljihunmu ƙanana ne: rumfar busarwa mai tsabta wadda ƙura da akuya ba sa shiga, akwatin roba a madadin kwandon da ke matse na ƙasa, ɗakin sanyi mai sola a bakin kasuwa. Masu inabin Kudan da masu rake da mazarƙwailar Makarfi duk irin wannan suke buƙata. Haka masu ɗinkin hannu na cikin Birni, waɗanda mutum zai yi makonni a kan aska takwas ɗaya, dillali ya kai Abuja ya ninka kuɗin, kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi. Waya mai kyamara da ƙungiyar da za ta tsaya kan inganci da farashi sun fi musu amfani a kan kowane taro.

Daga ina kuɗin zai fito? Banki dai a yanzu sai mai ƙarfin hali. A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, na 'yan kasuwa kuma sama da haka yake, babu sana'ar halal da ke sarrafa kaya da za ta biya wannan ta rage riba. Da yawa ma ba sa kusantarsa saboda riba ce. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, tun daga Jaiz da ya fara aiki a 2012, sun buɗe wata ƙofa, ko da yake sun fi sakin jiki da saye da sayarwa a kan haɗin gwiwa na dogon lokaci. Amma kuɗi yana nan a garin. Ƙungiyoyin adashin gata na ma'aikata suna tara maƙudai duk wata, a ƙare a filoti da shinkafar azumi. 'Ya'yan Zazzau da ke Abuja da Legas da Ingila, idan sun tashi tunawa da gida, gidan mai suke ginawa ko jerin shaguna ko gidan haya. Kada a yi saurin zarginsu. Gini ba ya guduwa. Kusan kowannensu yana da labarin kuɗin da ya aiko a yi kiwon kaji, aka yi bikin ƙanwa da rabi, sauran aka ce murar tsuntsaye ta kashe. Matsalar amana ce, kuma maganinta rubutu: rajistar kamfani, asusun banki daban da na cefane, akanta, hannun jari a rubuce ko da tsakanin wa da ƙane ne. Abin mamaki, a garin malamai, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani ita ce ta rubuta bashi a Suratul Baƙara, amma ka ce wa ɗan'uwa a rubuta sai ya ce ka raina shi.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Idan hakan ya tabbata a aikace, uzuri zai ragu. Sai dai Zariya da Sabon Gari hukumomi biyu ne a takarda, a kasuwa kuwa gari ɗaya ne, kuma Giwa da Kudan da Soba su ne gonarsa. Mai lodin masara bai kamata ya biya sau uku don ya tsallaka iyakar da ba ya gani ba.

Manyan ayyuka uku suna ratsa ƙasar nan: titin Abuja zuwa Kano, layin dogo na zamani daga Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar a 2021, da bututun gas na AKK, daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614 da aka fara a 2020. Ana ta murna, ni ma ina yi, amma da ɗar-ɗar. Hanya mai kyau tana kawo kaya, tana kuma sauƙaƙa wa mai albashi ya je Kano sayayya ya dawo kafin la'asar. Bututu kuwa ba ya tsayawa don ya ga gari, sai an ja masa reshe da tashar rage ƙarfi zuwa inda injuna suke, Dakace ko Chikaji, kuma sai an nuna wa masu shi cewa akwai waɗanda za su saya. Tashar jirgi ita ma tana iya zama ta fasinja zalla, ko a haɗa mata sito da ma'auni da wurin lodin hatsi. Irin waɗannan abubuwa tun ana zane ake neman su, a rubuce, da sunayen masana'antu da adadin tan ɗin da za su ɗora. 'Yan fili dai tuni suka fara tambayar gonakin da ke kusa da layin.